Dokar Birni da Kwanon Ƙauye: Yadda Hukuma ke Shiga Tsakanin Mai Sadaka da Mai Karɓa a Kano

Ciyar da mai jin yunwa yana daga cikin ayyukan da Bahaushe bai saba neman izinin kowa kafin ya yi su ba, domin tun kafin a san gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma, tuwon da ya kwana a tukunya yana da mai shi, ko almajirin unguwa, ko makahon da ke zaune a ƙofar masallaci, ko baƙon da dare ya riska a zaure. Amma a cikin shekaru arba'in da suka wuce hukumomin birane, a Kano da wasu manyan garuruwan duniya, sun shiga tsakanin mai bayarwa da mai karɓa da dokoki iri-iri, suna kafa hujja da tsabtar gari da cunkoson tituna da tsaro da kare ƙananan yara. Kowace irin wannan doka dole ta zaɓi hannun da za ta riƙe, na mai miƙa abinci ko na mai miƙa kwano, kuma zaɓin da gari ya yi yakan nuna wanda mahukuntansa suke jin nauyi da wanda ba sa shakka.

A ƙasar Amurka, inda wannan taƙaddama ta fi kaiwa gaban alƙalai, mai bayarwa doka ta fi bi. A shekarar 2006 birnin Las Vegas ya hana raba wa matalauta abinci a lambunan shaƙatawa na gwamnati, a wannan shekarar kuma birnin Orlando na jihar Fulorida ya wajabta wa duk mai son ciyar da mutum 25 zuwa sama a lambunan tsakiyar gari ya nemi takardar izini, wadda ba a ba ƙungiya ɗaya fiye da sau biyu a shekara a kowane lambu. Birnin Houston ya biyo baya a 2012 da dokar da ta hana ciyar da mabuƙata fiye da biyar sai da yardar mai wurin a rubuce. A 2014 'yan sandan Fort Lauderdale suka tuhumi wani dattijo mai shekara 90, Arnold Abbott, da laifin rabon abinci a fili, abin da ya jawo wa birnin tofin Allah tsine daga ko'ina, a 2018 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa rabon abincin da wata ƙungiya ke yi a lambun wannan birni hanya ce ta bayyana ra'ayi, wadda tsarin mulkin ƙasar ya kare. Hujjar hukumomin a duk waɗannan wurare ba ta wuce shara da lafiyar abinci da kukan 'yan kasuwa ba, sai kuma cewa abincin titi yana hana mutane zuwa gidajen da aka tanadar musu.

A Kano al'amarin juyawa ya yi. A aikace ba a ga hukuma ta tunkari mai bayarwa ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin sadaka a wurin Musulmi ibada ce, jama'a kuma sun yarda cewa tana maganin masifa, har malami kan umarci mai neman biyan buƙata ya sa a toya ƙosai ko waina a raba wa yara ranar Juma'a. Hukumar da ta ce za ta ci tarar matar da ta miƙa wa almajiri ɗumame ta san ba za ta kai labari ba. Saboda haka nauyin doka gaba ɗaya sai ya faɗa kan mai kwano, shi ake kamawa a mahaɗar titi, a zuba a mota, a mayar da shi garinsu, alhali hannun da ya jawo shi birni yana nan a buɗe yana jiran wanda zai maye gurbinsa. Wannan giɓi yana daga cikin manyan dalilan da suka sa ake kafa dokar hana bara a Kano ana sake kafawa, kowace gwamnati ta yi shelarta kamar ba a taɓa yi ba.

Ya kamata a fayyace wanda ake nufi da marar matsuguni a wannan ƙasa, domin ya bambanta da na biranen Turawa, wanda galibi baligi ne da ya kasa biyan kuɗin haya ya koma kwana a titi. Masu kwana a barandar shaguna da ƙarƙashin gadoji da tashoshin mota a Kano sun haɗa da 'yan ci-rani, wato manoman da ke barin ƙauye bayan girbi don neman kuɗi kafin saukar ruwa, da masu taɓin hankali, da waɗanda rikicin Borno ko ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ya raba da garuruwansu, da tsofaffi da matan da mazajensu suka rasu. Sai kuma almajirai, waɗanda su aka fi gani a ƙofar gidaje, masu kwana a zaure ko rumfar makaranta ko kangon ginin da mai shi bai ƙarasa ba. Da yawansu suna da gida a wani wuri, gida mai rufi wanda rumbunsa ya ƙare. Abin da Bahaushe ke kira rashin galihu, wato rashin wanda zai tsaya wa mutum, ya fi dacewa da halinsu fiye da rashin ɗaki, kuma wannan bambanci yana da amfani ga mai tsara doka, tunda ya nuna cewa tushen matsalar yana nesa da titin da ake sharewa.

Waɗannan gidaje suna warwatse a karkarar Kano da Jigawa da Katsina da kudancin Nijar, amma babu inda ya fi nuna yadda lamarin yake kamar ƙasar da ta shimfiɗu arewa da birni, daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan ya koma Jami'ar Bayero, ya fara nazarin karkarar da ta kewaye Kano tun shekarun 1960, ya kuma nuna cewa tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. A nan babu saura, wato gonar da ake bari ta huta, domin kowane taƙi ana noma shi kowace shekara, ana riƙe ƙarfinsa da takin awaki da tumaki da juji, wanda a da ake ɗaukowa daga birni a mangala bisa jakuna. Gona ɗaya takan ɗauki gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye a tsakiyarta, kowace bishiya da mai ita, kara da harawa kuwa ba a barin su a ƙasa. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda wannan ƙasa, mai damina ta wata huɗu zuwa biyar, ta ci gaba da ciyar da jama'ar da ke ƙaruwa ba tare da ta mutu ba. Amma masaniya Polly Hill, wadda ta zauna a Dorayi a farkon shekarun 1970 ta fitar da littafinta a 1977, ta nuna ɗaya gefen: a cikin wannan ƙwazon noma akwai magidanta masu yawa da gonarsu ba ta isa ta ciyar da su ba, akwai ma waɗanda ba su da ita sam.

A irin wannan ƙauye rabon abinci yana da tsari mai ƙarfi, ko da yake ba a rubuce yake ba. Mafarinsa zakkar hatsi, wadda ke hawa kan manomin da amfaninsa ya kai nisabi, wato mafi ƙarancin abin da ake fitar wa zakka, wusuƙi biyar ko sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ushiri, kashi ɗaya cikin goma, wanda manoma suka sauƙaƙa wa kansu da ƙidayar dami ɗaya a kowane dami goma, abin da aka shayar da wahala kuwa, kamar noman rani da inji, rabin haka ake fitarwa. Bayan an kwashe amfani akan bar mata da yara su yi kala a gonar hatsi, su yi roro a ta gyaɗa, su tsinci abin da ya zube. A ƙarshen azumi ga zakkar kono, mudun-nabi huɗu a kan kowane mutum na gida. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in bayan rasuwa, da abincin suna da na biki, duk suna ratsa gidajen da ba a ɗora tukunya ba. Da dare kuma akwai ciyayya, inda magidanta ke fito da akussansu ƙofar gida su ci tare, ta yadda wanda gidansa bai yi girki ba zai sa hannu ba tare da an ce ya yi roƙo ba. Almajirin ƙauye yakan yi wa malaminsa noma da damina, yana da gidajen da ya saba karɓar abinci, an san malaminsa, sau da yawa an san ubansa. Mai tsare wannan tsari shi ne sanayya da kunya: liman da mai unguwa da dagaci sun san wanda ya fitar da zakka da wanda ya maƙale, sun san bazawarar da ba za ta taɓa buɗe baki ba, kuma ragon da ke son mayar da roƙo sana'a ba ya daɗewa bai ji habaici ba.

Sai dai ƙarfin wannan tsari bai wuce abin da ke cikin rumbu ba. Gado yana tsattsaga gona a kowane zamani har ta koma 'yan kunyoyi, jama'a na ƙaruwa (ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4), birni kuma yana cinye gonakin Ungogo da Dawakin Tofa da Gezawa yana mayar da su fulotai. Ƙaramin manomi yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, a kasuwannin Dawanau da Badume da Ɗambatta, don biyan bashin taki da hidimar aure, sannan ya dawo ya saye shi da tsada a cikin marka, wato tsakiyar damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabon gero bai nuna ba. A irin wannan lokaci mai bayarwa da mai karɓa duk sun zama ɗaya. Tarihi ya riga ya nuna haka a yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, da farin 1973, lokacin da mutanen karkara suka kwararo birane, kuma Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya yi hujja da cewa harajin kuɗi na Turawan mulki da dogaro ga kasuwa sun raunana tsofaffin hanyoyin da talaka ke jingina da su. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da hauhawar farashin abinci da ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, sun sake matse wannan rumbu.

Ba adalci ba ne a ce yunwa kaɗai ke sa uba ya ba malami ɗansa. Neman haddar Alƙur'ani daɗaɗɗiyar manufa ce mai daraja, kuma iyaye da yawa suna ganin cewa yaro ba ya samun karatu da juriya a gaban uwarsa, ga shi makarantar firamaren ƙauyen sau da yawa ba ta da abin da za ta nuna musu. Hannah Hoechner, wadda ta yi bincike a tsakanin almajirai a birnin Kano da Albasu ta buga littafinta a 2018, ta nuna yadda talauci da addini da mutuwar aure da raunin makarantun gwamnati suke cakuɗe a wannan shawara. Duk da haka ba a ɓoye yake ba cewa tafiyar malamai da ɗalibansu ta fi yawa bayan girbi, kuma gidan da ya rage baki biyu daga kaka zuwa bazara ya ja kwanakin rumbunsa.

Birnin da waɗannan yara ke shiga shi ma yana da tsohon tsarinsa. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa makafi suna da unguwarsu ta kansu a cikin ganuwa, kuma har yau akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, waɗanda ke sasanta jama'arsu su kuma yi magana da yawunsu a gaban masu mulki. Almajiri kuwa yakan sami uwar ɗaki, wato matar gidan da yake yi wa aike da ɗiban ruwa da zubar da shara, ita kuma ta ajiye masa abinci, wani lokaci ta yi masa ɗinkin salla. Idan aka haɗa abin da waɗannan mata ke zubawa a robobin yara safe da rana da dare a unguwannin Kurna da Rijiyar Lemo da Fagge da cikin gari, za a ga cewa babbar hukumar ciyarwa a Kano ita ce tukunyar matan aure, wadda ba ta da kasafin kuɗi ba ta kuma jiran ɗan kwangila. Inda abin ya lalace shi ne inda yara suka fi gidaje yawa, sanayya ta yanke, yaro ya bar ƙofar gida da kiran "ko ɗan ƙanzo" ya koma gidan mai da gidan abinci da fitilar ba da hannu, yana jiran ragowar farantin wanda bai san shi ba.

Shigar doka cikin wannan sha'ani ta samo asali ne daga tsoro kafin tausayi. Bayan tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980, wadda ta ci rayuka fiye da 4,000 bisa ƙidayar hukuma, an ɗora wani kaso na laifin a kan gardawa da almajiran da ke shigowa birni ba tare da an san adadinsu ba, gwamnatin soja ta jihar kuma ta kafa doka a tsakiyar shekarun 1980 don yi wa makarantun allo rajista da taƙaita yawon malamai da ɗalibai, dokar da ba ta yi tasiri mai ɗorewa ba. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Hisba da Hukumar Zakka da Hubusi, hubusi kuwa shi ne waƙafi, dukiyar da ake tsayarwa don amfanin jama'a har abada, ta kuma gwada tallafa wa malaman tsangaya da taki da kayan noma. A ƙarshen 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa dokar hana bara a tituna, aka ɗora wa Hisba aiwatar da ita, kuma tun daga lokacin hanyar ba ta canja ba: a yi samame, a tantance, a mayar da mutum garinsu da gargaɗi, wanda ya sake dawowa a kai shi kotu. Maƙwabciya Jigawa ta bi wata hanya dabam tun 2007, lokacin da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata, wato ta sa wani abu a hannun da ta ce a daina miƙawa.

A watan Fabrairu 2020 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda shi kansa ɗan ƙauyen Ganduje ne a Dawakin Tofa, ya sake shelar hana almajirai bara, ya haɗa ta da shirin ilimi kyauta kuma dole, ya ce za a hukunta iyayen da suka ƙi. Ba a yi wata biyu ba annobar korona ta sa aka kulle Kano a watan Afrilu, abin da ya nuna a fili waɗanda ke ciyar da almajirai, domin da aka rufe kasuwanni da gidajen abinci, magidanta kuma suka rasa na cefane, yaran suka rasa inda za su nufa. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da kowane almajiri jiharsa, aka yi ta jigilar yara a motoci tsakanin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna da Bauchi, aka kuma sami masu ɗauke da cutar a cikin waɗanda aka kai. Wannan shi ne gwaji mafi girma da aka taɓa yi wa manufar mayarwa gida, kuma sakamakonsa kowa ya gani: an sauke yaran a ƙauyuka a cikin bazara, daidai lokacin da rumbu ke ƙasa, ba a haɗa su da buhu ko mudu ba, da aka buɗe hanyoyi kuwa tituna suka sake cika. Makarantun almajirai fiye da 150 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina a faɗin ƙasa, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Gagi ta Sakkwato a 2012, da hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da aka kafa a 2023, ba su kai ga amsa tambayar da malamin tsangaya ke fara yi ba, wato wanda zai ciyar da yaran idan sun daina fita.

Ba Kano kaɗai ta yi wannan zagaye ba. Hukumomin Yamai sun hana bara a 2019, a watan Maris 2022 kuma gwamnatin Nijar ta kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasarta da ke bara a Dakar a jirgin sama, yawancinsu mata da yara daga yankunan Kance da Magarya a jihar Damagaram, ƙasar Hausawa manoma mai cunkoso da ƙarancin gona, wadda ba ta da nisa da Daura da Kazaure. Senegal ɗin kanta ta yi shelar kwashe almajirai daga tituna a 2010 da 2016 ba tare da abin ya ɗore ba. Tun 1979 marubuciyar ƙasar Aminata Sow Fall ta gina wani ƙagaggen labari a kan mabaratan da aka kora daga gari suka shiga yajin karɓar sadaka, har babban jami'in da ya kore su ya koma yana neman su ido rufe saboda malaminsa ya umarce shi da yin sadaka don samun muƙami. Mai karatu a Kano ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙin wannan labari.

Akwai dai wurin da doka ta kamata ta taɓa mai bayarwa, kuma nan ne aka fi sakaci, wato babban rabon da attajiri ko ɗan siyasa ko ƙungiya ke shelantawa a tara dubban mutane a ƙofa ɗaya. A watan Maris 2024, cikin azumi, mutum bakwai suka rasu a turmutsitsin rabon zakka a harabar wani kamfani a Bauchi. A watan Disamba na wannan shekara yara 35 suka mutu a wani taron rabon kyauta a Ibadan, kwana uku bayan haka mutum 10 suka rasu a wata majami'a a Maitama ta Abuja, wasu 22 kuma a Okija ta jihar Anambra, duk a wajen rabon kayan abinci. Bayan nan ne Sufeto Janar na 'yan sanda ya umarci masu shirya irin wannan rabo su riƙa sanar da jami'an tsaro tukuna, jihar Legas kuma ta wajabta rajistar duk taron da zai haura mutum 250. Irin wannan ƙa'ida ba ta saɓa wa addini ba, tunda kare rai yana gaban nuna kyauta, kuma shari'a ta fi son sadakar da ba ta tozarta mai karɓa. Wanda ya tara mata masu goyo tun asuba a bakin ƙyaure don ɗaukar hoto ya cancanci hukuma ta tambaye shi ƙofa nawa zai buɗe, mutum nawa ya gayyata, da abin da ya hana shi raba kayan unguwa-unguwa ta hannun masu unguwanni da limamai.

Ita ma gwamnati, a matsayinta na mai bayarwa, tana buƙatar mai sa mata ido. Kowace shekara jihar Kano tana buɗe cibiyoyin ciyarwa na watan azumi da kuɗi masu yawa, kuma a azumin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kai ziyarar ba-zata ɗaya daga cikinsu ya bayyana ɓacin ransa a fili kan abin da ya tarar ana rabawa. Ko da an gyara ingancin kunun da shinkafar, shirin na wata ɗaya ne, nauyinsa kuma ya fi karkata ga cikin birni, saboda haka yana ƙara wa birni abin da ke jawo mutane daga ƙauye, ya bar watanni goma sha ɗaya a wuyan matan aure.

Abin da ya rage shi ne bakin rumbu, inda doka da al'ada za su iya haɗuwa ba tare da sun yi karo ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, a cikinsu har da ma'aikatan da ke tattara ta, abin da ke nuna cewa tun asali zakka aiki ce ta hukuma mai ma'aikata da lissafi, malaman Malikiyya kuma sun tafi a kan cewa a raba ta a inda aka tara ta sai idan wani wuri ya fi buƙata. Masarautar Dutse ta daɗe tana aiki da wannan, inda kwamitocin gundumomi ke tara zakkar hatsi da kaka su raba ta ga mabuƙatan gundumar a gaban jama'a. A arewacin Kano akwai manyan manoma da masu noman rani a madatsun ruwan Watari da Tomas, ga kuma fataken hatsi na Dawanau, waɗanda zakkarsu, da za a tara ta a ajiye wani kaso zuwa marka, za ta riƙe gidaje da tsangayu masu yawa a garuruwansu. Malamin da aka ba gona da taki da buhunan dawa a Makoɗa ba shi da dalilin kwasar yara arba'in zuwa kango a Kurna, in kuwa ya yi, a lokacin ne hukuma take da bakin tuhumarsa, ta kuma tuhumi uban da ya sallama ɗan shekara shida ba guzuri.

Gero yana shiga rumbu a watannin Satumba da Oktoba, dawa a Nuwamba da Disamba, daga nan kuma motocin Ɗambatta da Bichi suke fara sauke yara da allunansu a tashoshin birni. Hukumar Zakka da Hubusi da hakimai da dagatan wannan yanki su ya kamata a gani a masussuka a waɗannan watanni huɗu, da ma'auni da littafin sunaye, kafin a tura motar Hisba ta jira a Ƙofar Nasarawa.